Mai waina da takardun gwajin numfashinta uku

Takardar da aka turo ta da ita layi ɗaya ce: asma, ba ta jin magani, a duba. An maƙala mata sakamakon gwajin numfashi da aka yi a wani asibitin kuɗi wata biyu kafin nan, kuma a ƙasansa na'ura ta buga nata hukuncin, wai huhun ya tsuke ne, babu toshewa a hanyoyin iska. Wato tun kafin matar ta zauna, likitan da ya turo ta da na'urar da ta auna ta sun saɓa wa juna, domin asma cuta ce ta toshewa.

Sana'arta waina. Fiye da shekara 30 tana tashi kafin asuba ta hura itace a cikin wani ɗan zaure da ba shi da taga, ta ɗora tanda, ba ta sauke ba sai hantsi. Ba ta taɓa shan taba ba, mijinta ma haka. Tari da kaki sun fi shekara shida tare da ita, amma abin da ya kawo ta shi ne haki: a da takan ɗauko buhun shinkafar tuwo rabi daga bakin titi zuwa gida, yanzu ko alwala ta sunkuya ta yi sai ta huta. Na tambaye ta ko tana yarinya ƙirjinta yakan yi kuka, ko akwai mai asma a danginsu, ko takan farka cikin dare da sarƙewar numfashi sannan gari ya waye ta warware. Duk ta ce a'a. Nata ciwon kullum yana nan, sai dai hunturu ya ƙara masa nauyi.

Da na tambaye ta fuka, sai ta ce ai ita ce ke damunta. Nan sai an yi hattara, domin a bakin mutanenmu fuka takan ɗauki asma, takan kuma ɗauki tarin tibi. 'Yarta ce ta warware mana: shekara tara da suka wuce an gano tibi a kakinta, ta sha magani har ta kammala, aka sallame ta. Babu wannan a takardar turowa. Haka kuma babu maganar ƙananan ƙwayoyin da take saye a kyamis duk lokacin da ƙirjin ya matsa, waɗanda da aka zazzage jakarta suka zama firedinisolon, wani sitiroyid mai rage kumburi, da salbutamol na haɗiya, mai buɗe hanyoyin iska. Fuskarta ta ɗan kumbura, sukarinta ya hau, alamun daɗewa ana shan firedinisolon.

Kafin a ba ta bututu ta hura, mun aika kakinta gwajin GeneXpert mai gano tibi, muka ɗauki hoton ƙirji. Wanda ke tari kuma ya taɓa yin tibi ba a sa shi ya yi ta fesa iska da ƙarfi a ƙaramin ɗaki sai an tabbatar cutar ba ta dawo ba. Kaki ya fito babu komai. Hoton ya nuna tabo a saman huhun dama, irin wanda tibi ke bari, sauran huhun kuma ya ɗan cika da iska fiye da kima.

Takarda ta farko

Lambobi uku ne ginshiƙin wannan gwaji. FVC shi ne dukkan iskar da mutum zai iya fitarwa da ƙarfi bayan ya cika ƙirjinsa maƙil. FEV1 shi ne abin da ya fita a sakan ɗaya na farko. Na ukun shi ne kason FEV1 a cikin FVC. Lafiyayyen babba yakan fitar da kusan kashi huɗu cikin biyar na iskarsa a sakan na farko. Idan hanyoyin iska sun ƙuntata, iskar takan fita a hankali, kason ya faɗi. Awon dukkan iskar ya samo asali ne daga John Hutchinson a Ingila a 1846, shi kuwa awon sakan ɗaya Robert Tiffeneau ne ya kawo shi a Faransa a 1947.

A takardarta ta farko FEV1 lita 1.17 ne, FVC lita 1.54, kaso 0.76. Na'ura ta ga kaso lafiya lau, ta ga FVC ƙarami, sai ta ce tsukewa. Lissafinta daidai ne. Abin da aka ba ta ta lissafa ne ba daidai ba.

Ni dai ba na fara karanta lambobi sai na kalli zane. Zanen yawan iska da lokaci ya kamata ya hau, ya lanƙwasa, sannan ya kwanta ya miƙe, alamar iska ta ƙare. Nata yana cikin hawa aka datse shi, bai kai sakan uku ba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka da Turai, ATS da ERS, suka sabunta a 2019 ta ce ana karɓar ƙarshen hurawa ne idan abin da ke fita a sakan na ƙarshe bai wuce mililita 25 ba, ko mutum ya kai sakan 15 yana hurawa, ko kuma ya maimaita FVC iri ɗaya duk da bai kai ga kwanciyar zanen ba. Ana son hurawa uku karɓaɓɓu, biyu mafi girma kada tazararsu ta wuce mililita 150. A takardarta hurawa ɗaya ce tak. Mai toshewar hanyoyin iska shi ya fi kowa buƙatar lokaci, domin iskarsa ta ƙarshe a sannu take fitowa. Idan ya tsaya da wuri, FEV1 ba ya canzawa sosai tunda sakan na farko ya riga ya wuce, amma FVC ya ragu, kaso ya hau, toshewar ta ɓuya. Wannan kuskure shi na fi gani a takardun da ake kawo mana, kuma kullum gefe ɗaya yake karkata: ya mai da mai toshewa mai tsukewa.

Sai kuma saman takardar. An rubuta shekara 45, tsayi santimita 165. Na ce, "Mama, an auna tsayinki ranar?" Ta ce yaron kallonta kawai ya yi ya rubuta. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Da muka sa ta cire takalmi ta jingina da ma'auni, 157 muka samu. Shekaru kuwa ba ta da takardar haihuwa, amma mahaifiyarta ta sha gaya mata ana tsakiyar yaƙin basasa aka haife ta, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970. Muka sa 56. Duk abin da na'ura ke cewa ana tsammani daga mutum, daga shekaru da tsayi da jinsi take ciro shi, don haka an gwada ta ne da wata mace da ta fi ta tsayi da santimita 8, wadda kuma ita mai wainar ta girme wa da shekara 11. Ta ƙara da cewa ta shaƙi inhelarta, abin fesa maganin buɗe hanyoyin iska, a cikin Keke Napep a hanyar zuwa gwajin, don kada ta ji kunya a gaban likita.

Takarda ta biyu

Muka ba ta rana, muka ce kada ta taɓa inhelar salbutamol awa shida kafin ta zo, ƙwayar haɗiyar kuma ta bar ta tun jiya, sai fa idan numfashi ya matsa, to ta sha, mu ɗage gwajin. Da safe an gwada na'urar da sirinjin lita 3 kamar kullum.

Hurawa biyu na farko ba su yi ba. Namiji ne ke gwajin, ita kuwa dattijuwa ce da hijabi, an matse mata hanci, an ce ta buɗe baki ta cusa bututu ta yi ta huci a gaban sa'an ɗan cikinta. Tana yi tana kare baki da hannu. Ga giɓi a haƙoranta na gaba, iska na zurarewa ta gefe. Sai muka kira wata ma'aikaciyar jinya, muka fita muka bar su da 'yar. Ta bayan ƙofa ina jin ta: "Inna, ja iska, ja, ja, cika ƙirji! To busa! Kamar itacen ya jiƙe wutar za ta mutu! Ci gaba, ci gaba, kar ki tsaya, saura, saura!" Wadda ta shekara 30 tana hura wuta ba sai an koya mata busa ba, sai dai a gaya mata wace iri ake so. A hurawa ta shida aka samu uku masu kyau, mafi tsawonsu sakan 13.

FEV1 ya fito lita 1.20, kusan yadda yake a takardar farko. FVC kuwa ya tashi daga 1.54 zuwa 2.06. Rabin lita na iska da ma yana cikin ƙirjin, ba a jira shi ya fito ba ne. Kaso ya zama 0.58. Zanen gudun iska ya yi tsini da wuri sannan ya lotsa ciki kamar bayan ludayi, siffar da ko ba lamba mai ido ya san toshewa ce.

A nan ba mu sha wahalar da akan sha kan iyaka ba. Tsarin GOLD, ƙa'idar duniya ta cutar COPD, wato toshewar hanyoyin iska mai ɗorewa, yana amfani da kaso 0.70 ga kowa, bayan an shaƙi maganin buɗe hanyoyin iska. ATS da ERS sun fi son a gwada mutum da tsararsa, a ce akwai toshewa idan kasonsa ya faɗa cikin kashi 5 na ƙasa na lafiyayyu, wato makin z, awon nisan mutum daga matsakaicin tsararsa, ya yi ƙasa da -1.645. Bambancin yana da tasiri, domin kaso yana raguwa da shekaru ko a lafiyayye: 0.70 takan laƙaba wa tsoho mai lafiya cuta, ta kuma wanke matashin da ke da ita. A wurin wannan matar ƙasan iyakar tsararta wajen 0.68 ne, ita kuma tana 0.58. Ko da wane mudu aka auna, toshewa ce. FEV1 ɗinta kashi 54 cikin 100 ne na lita 2.22 da ake tsammani, makin z wajen -3, matsakaiciyar tawaya ke nan a tsarin ATS da ERS na 2022, wanda ya sa matsakaici tsakanin -2.5 da -4.

FVC ɗin ma bai cika ba, kashi 74 cikin 100 na lita 2.78. Wani zai ce to ga tsukewar nan, ga kuma tabon tibi da zai iya jawo ta. Mai yiwuwa ne, amma wannan gwaji ba ya iya tabbatar da tsukewa, domin abin da ya fita kawai yake aunawa, ba ya ganin abin da ya maƙale a ciki. Sai an auna dukkan iskar da huhu ke ɗauka, da wata na'ura dabam wadda ba mu da ita. Abin da muka rubuta shi ne toshewa tare da ƙarancin FVC, wataƙila saboda iskar da ke maƙalewa.

Daga nan aka ba ta salbutamol maikirogiram 400, fesa huɗu ɗaya bayan ɗaya ta cikin sifesa, wato gorar da ake fesa maganin a ciki a shaƙa, aka jira minti 15, ta sake hurawa. FEV1 ya koma 1.42, FVC 2.31, kaso 0.61.

Ƙarin mililita 220

Likitan da ke koyon aiki tare da mu ya lissafa nan take: ƙarin mililita 220 a kan 1.20, kashi 18 cikin 100 ke nan. Ƙa'idar ATS da ERS ta 2005, wadda yawancinmu muka haddace, ta ce an amsa magani idan FEV1 ko FVC ya ƙaru da kashi 12 cikin 100 na inda aka fara, kuma ƙarin ya kai mililita 200. Ta cika duka biyun. FVC ma ya ƙaru da 250, kashi 12. Ya ce ashe mai turowa ya yi gaskiya, asma ce.

Na ce ya sake lissafin da ƙa'idar 2022. A can ba a raba ƙarin da inda mutum ya fara, ana raba shi da abin da ake tsammani daga tsararsa, kuma sai ya haura kashi 10. Mililita 220 a kan lita 2.22 kashi 9.9 ne. Na FVC, 250 a kan 2.78, kashi 9. Ba ta amsa ba ke nan. Dalilin sauya ƙa'idar a bayyane yake a jikin wannan matar: wanda ya fara daga ƙasa sosai, ɗan ƙari kaɗan sai ya zama kaso mai yawa. Mililita 220 ɗin nan a ƙirjin mai FEV1 lita 3 kashi 7 ne kawai.

Ban tsaya nan ba, don ina so ya ga inda gizo ke saƙar. Na'urarmu tana ciro abin da ake tsammani daga mutum ne daga ma'aunin GLI Global, wanda ba ya tambayar launin fata, kuma shi ATS ta ba da shawarar a koma wa a 2023. Na ce ya mai da ita kan GLI na 2012, ya zaɓi rukunin baƙaƙe, wanda daga baƙaƙen Amurka aka samo alƙalumansa. Abin da ake tsammani ya sauka zuwa lita 2.08. Mililita 220 a kan 2.08 kashi 10.6 ne. Ta amsa. Mace ɗaya, hurawa ɗaya, safiya ɗaya, amsa ta juya sau biyu ba tare da ta motsa daga kujera ba. Kason FEV1 a cikin FVC shi ne bai damu da wannan zaɓi ba sosai, shi ya sa a wurinmu, inda ma'aunan duk daga wasu ƙasashe aka gina su, na fi dogara da shi da siffar zane fiye da kashi-kashin abin da ake tsammani.

Ra'ayina, wanda na san wasu abokan aiki ba za su so shi ba, shi ne mun ɗora wa wannan gwajin na minti 15 nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Masu COPD da yawa suna haura kashi 12 da mililita 200 a wata rana, su kasa a wata. Mai asma kuma idan ya zo ranar da ƙirjinsa ke sake, ko yana kan magani, ba zai nuna komai ba. Ƙarin da ke sa in karkata ga asma da ƙarfi shi ne babba, irin wanda ya wuce mililita 400, ko wanda ya mai da kaso cikin iyakar lafiya. Lambar da ta fi amfani a takardarta ta biyu ita ce 0.61: bayan cikakken magani, toshewar tana nan.

Ba gardamar suna muke yi ba, magani ne ya rataya a kai. Idan asma ce, sitiroyid na shaƙa shi ne tushen magani, kuma ba ta maganin buɗe hanyoyin iska mai daɗewa a jiki irin su salmeterol shi kaɗai haɗari ne. Idan COPD ce, maganin buɗewar ne tushe, sitiroyid na shaƙa kuma yana ƙara haɗarin ciwon nimoniya, ga shi an danganta shi da tibi, a huhun da ya riga ya taɓa yi. Kowane gefe aka kuskure, ita za ta biya, da jikinta da kuɗin wainarta.

Takarda ta uku

Tunda safiya ɗaya ta kasa raba gardama, sai muka ba abin lokaci. Da farko muka janye firedinisolon a hankali cikin makonni, domin wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya. Sai da ya fita daga jikinta muka ƙirga iyosinofil, wasu fararen ƙwayoyin jini da kan yi yawa a masu asma, tunda sitiroyid na haɗiya yana danne su ya ba da lambar ƙarya. Aka samu 110 a kowace maikirolita, nesa da 300 da tsarin GOLD ke ɗauka alamar cewa sitiroyid na shaƙa zai yi amfani sosai.

Muka ba ta ƙaramar na'urar hurawa ta gida, ta hura safe da yamma mako biyu. Ba ta yi boko ba, 'yar ce ke rubutawa a bayan kalandar wani banki, da alli na gira ranar da biro ya ɓace. Asma tana hawa tana sauka, kuma tsarin GINA, ƙa'idar duniya ta cutar asma, yana ɗaukar bambancin safe da yamma da ya wuce kashi 10 cikin 100 a babba alama ce tata. Nata matsakaicinsa kashi 6 ne, har da ranakun da ta koma bakin tanda.

Sannan muka gwada ta da beklometason, wani sitiroyid na shaƙa, mako shida, bayan an koya mata shaƙar da sifesa. Da ta ce sifesar kyamis ta yi tsada, ma'aikaciyar jinyar ta huda gindin gorar ruwa ta mililita 500 ta haɗa mata, dabarar da aka gwada a kan yara masu asma a Afirka ta Kudu aka ga tana aiki. Ranar da ta dawo, FEV1 kafin magani lita 1.26 ne, ƙarin mililita 60 kacal a kan na da, abin da bai wuce bambancin hurawa da hurawa ba. Bayan salbutamol ya zama 1.40, FVC 2.30, kaso 0.61. Ƙarin ranar mililita 140 ne, kashi 11. Da a ce wannan ce ranar gwajinta ta farko, da babu ƙa'idar da za ta ce ta amsa magani, da kuma wancan likita mai koyo bai taɓa kawo asma a ransa ba.

Abin da muka rubuta a fayil: toshewar hanyoyin iska mai ɗorewa, COPD mataki na 2 a tsarin GOLD tunda FEV1 bayan magani yana tsakanin kashi 50 da 79, sanadinta hayaƙin itace da tabon tibi. Rahoton GOLD na 2023 ya ware wa irin waɗannan sunayensu, COPD ta gurɓatacciyar iska da COPD ta bayan kamuwa da cuta, abin da ya dace da majinyatanmu mata fiye da hoton tsoho mai sigari da littattafai suka saba kawowa. Tsohuwar asma da aka bari ba magani ita ma takan daskare ta daina sakewa, na kuma faɗa wa mai koyon haka. Amma mace da ba ta da tarihinta a yarinta, ba ta hawa da sauka, iyosinofil ɗinta ƙasa, sitiroyid na haɗiya da na shaƙa duk ba su buɗe ta ba, ban ga hujjar ci gaba da kiranta mai asma ba.

Muka tsayar da beklometason, muka sa ta kan tiyotirofiyom, maganin buɗe hanyoyin iska mai daɗewa a jiki, sau ɗaya a rana, salbutamol kuma sai in ta matsu. Kuɗinsa ya yi mata yawa, 'ya'yanta maza biyu suka raba shi tsakaninsu wata-wata. Maganar barin waina ban ma ɗauko ta ba, don na san amsar. Abin da muka roƙa shi ne a fitar da murhun daga zaure zuwa tsakar gida, 'yar ta riƙa hura wutar farko, lokacin da hayaƙi ya fi yawa, ita kuma ta zauna ta inda iska ke tahowa. Gas ta ce za ta duba, amma wainar gas ba ta da ƙamshi, masu saye za su gane.

Ta dawo bayan wata uku, kumburin fuskar ya saɓe, sukari ya sauka, ta ce tana idar da alwala ba hutu amma buhu sai dai yara. FEV1 lita 1.45. Muka rubuta mata ranar dawowa a tsakiyar hunturu, don mu ga abin da ƙura za ta yi wa lambar. Tana gyara hijabi ta ce, "Likita, ranar ma a kira min yarinyar nan mai ihu. In ba ita ba, ba na busawa."